Lafiya Uwar Jiki: Takardar Da Ke Kwance A Ƙasan Akwati

A wannan mako filin nan zai leƙa garin Gadaka, hedkwatar Masarautar Gudi, a cikin Ƙaramar Hukumar Fika ta Jihar Yobe, kudu da Potiskum. Dalilin zuwan kuwa wata 'yar takarda ce wadda faɗinta bai fi tafin hannu ba, irin wadda ma'aikatan lafiya su kan miƙa wa mace bayan sun duba bakin mahaifarta sun ga abin da bai kwanta musu a rai ba. Sau da yawa, ko a Gadaka ne ko a Kano ko a Maraɗi, makomar irin wannan takarda ita ce ƙasan akwati, tsakanin zannuwan biki da tsofaffin katunan awon ciki. Alhali kuwa abin da aka yi da ita shi ne zai raba tsakanin aikin 'yan mintoci a ɗakin ungozoma da doguwar jinyar da ke cinye gona da shanu, daga bisani kuma ta tafi da majinyaciyar.

A ƙaddara wata mata ce a wata unguwa ta Gadaka, shekarunta 38, haihuwarta 7. Ta ji mai shela yana cewa ma'aikatan lafiya sun zo duba mata kyauta, sai ta nemi izini ta bi maƙwabciyarta. Bayan an duba ta, ungozoma ta zaunar da ita ta ce, "Yaya, an ga ɗan farin tabo a bakin mahaifarki. Bai zama ciwon daji ba, amma in aka bar shi yana iya zama. Ki kai takardar nan babban asibiti, kada ki yi jinkiri." Daga cikin duk wannan bayani, kalmar daji kaɗai ta shiga kunnen baiwar Allah.

Da dare, bayan maigida ya ci tuwo, ta ce, "Malam, an ce in je babban asibiti." Ya ce, "Ina ke miki ciwo?" Ta ce, "Babu inda ke mini ciwo." Ya ce, "To, mai lafiya ne zai tafi neman asibiti? Bari a kawar da amfanin gona tukuna." Aka yanke gero, aka roro wake, aka yi bikin ƙanwarta, azumi ya zo ya wuce, takarda tana nan inda aka ajiye ta.

Mutumin nan ba mugu ba ne, tambayarsa kuma tambaya ce ta mai hankali, domin a al'adance ba a zuwa asibiti sai ciwo ya kayar da mutum. Amsar tambayar tasa ita ce abin da ya kamata kowane magidanci ya sani.

ABIN DA TAKARDAR TA KE NUFI

Bakin mahaifa shi ne ƙarshen mahaifa daga ƙasa, watau ƙofar da ke buɗewa lokacin naƙuda domin jariri ya fito. Akwai wata 'yar da'ira a kewayen wannan ƙofa inda fata iri biyu suka haɗu, ta ciki da ta waje. A nan ne kusan dukan sankarar bakin mahaifa ta ke farawa.

Mafarin abin wata ƙwayar cuta ce da likitoci ke kira HPV, wadda a ke ɗauka ta hanyar saduwar namiji da mace. Wani masani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ne ya tabbatar da alaƙarta da wannan ciwo. Shi da abokan aikinsa suka gano nau'i mai lamba 16 a shekarar 1983, da mai lamba 18 a 1984, aka kuma ba shi lambar yabo ta Nobel a 2008. Waɗannan nau'i biyu su ke haddasa kimanin kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa a duniya.

Ƙwayar nan ta zama ruwan dare, har masana suna cewa akasarin manya, maza da mata, su kan ɗauke ta a wani lokaci a rayuwarsu ba tare da sun sani ba. Kimanin 9 cikin 10 jikinsu ya kan kore ta da kansa cikin shekara 2. Matsalar tana ga wadda ƙwayar ta zauna mata daram. A jikin irin wannan mace, fatar bakin mahaifa ta kan fara sauya kama sannu a hankali, kuma likitoci sun kasa wannan sauyi mataki uku. A mataki na ɗaya sauyin bai wuce kashi ɗaya cikin uku na kaurin fatar ba, kuma fiye da rabin masu shi su kan warke ba tare da magani ba. A mataki na biyu ya ci har kashi biyu cikin uku. A mataki na uku kuwa ya game kaurin fatar, saura kawai ya huda ya shiga nama. Ranar da ya huda, ranar sunansa ya koma sankara.

Manomin ƙasar Fika ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin ya san halin ƙuduji. Tun yana ƙarƙashin ƙasa ya ke kama saiwar gero yana tsotsa, gona kuwa tana nan kore shar. Kafin furensa ya bayyana a sarari ɓarna ta riga ta yi nisa. Haka wannan tabo ya ke: ba ya ciwo, ba ya zubar da jini, ba ya hana daka ko ɗiban ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ya rikiɗe ya zama sankara, amma ga mace mai raunin garkuwar jiki, kamar mai ɗauke da cutar ƙanjamau wadda ba ta shan magani, shekara 5 zuwa 10 sun isa. Waɗannan shekaru rahama ce, domin a cikinsu ne a ke iya cire abin tun yana saman fata.

GWAJI IRI UKU

Ya kamata mai riƙe da takarda ta san irin gwajin da aka yi mata, domin ma'anar sakamakon ta danganta da shi.

Na farko shi ne tsohon gwajin nan mai sunan George Papanicolaou, likita ɗan asalin ƙasar Girka da ya yi aiki a Amurka, wanda ya fara bayyana dabarar a 1928, ta kuma samu karɓuwa bayan 1943. A kan shafo bakin mahaifa a shafa a gilashi, a kai ɗakin gwaji a duba da madubin likita. Yana bukatar ƙwararren mai dubawa, kuma sakamakon ya kan ɗauki kwanaki ko makonni.

Na biyu shi ne gwajin ruwan khal. A kan shafa ruwan khal mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 cikin 100 a bakin mahaifa, a jira minti ɗaya, a haska fitila. Inda fata ta sauya sai ya yi fari. Amfaninsa shi ne araha da kuma samun sakamako nan take. Amma fa ba kowane fari ne tabon haɗari ba, domin kumburi ma ya kan sa wuri ya yi fari. Har ila yau gwajin bai dace da matar da al'adarta ta ɗauke ba, domin a lokacin 'yar da'irar nan ta kan janye zuwa ciki inda ido ba ya kai wa.

Na uku shi ne gwajin da ke neman ƙwayar HPV ita kanta. Shi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita a ƙa'idojinta na 2021, inda ta ce a fara daga shekara 30, a riƙa maimaitawa bayan shekara 5 zuwa 10. Masu ɗauke da ƙanjamau kuwa, da ya ke haɗarinsu ya ninka na sauran mata sau 6, su fara daga shekara 25, su maimaita bayan shekara 3 zuwa 5. Wani alherin wannan gwaji ga mata masu kunya shi ne mace tana iya ɗibar samfurin da hannunta a bayan labule. In an ce an sami ƙwayar, ba a ce an sami tabo ba, sai an sake dubawa.

Saboda haka kalmar da ke cikin takarda tana nufin ɗayan abu uku: ko a sake gwaji bayan shekara guda, ko a yi magani yanzu, ko a tura mace ga likitan mata ya duba da madubi mai fitila, in ya ga dama ya gutsuri ɗan nama kamar ƙwayar dawa a kai ɗakin gwaji. Babu inda ta ke nufin a koma gida a jira ciwo.

DARASI DAGA ƘASAR NIYU ZILAN

Mai karatu zai iya tambaya, yaya aka san cewa tabon da ba ya ciwo zai zama sankara? An sani ne ta hanya mai ɗaci. A shekarar 1966, a babban asibitin mata na birnin Okland a ƙasar Niyu Zilan, wani likita mai suna Herbert Green ya sami amincewar hukumar asibitin ya riƙa sa ido kawai a kan matan da aka samu da tabo mataki na uku, ba tare da yi musu cikakken magani ba, domin a ganinsa tabon ba ya zama sankara. Matan kuwa ba a gaya musu cewa gwaji a ke yi da su ba. A 1987 wasu mata biyu, Sandra Coney da Phillida Bunkle, suka tona asirin a wata mujalla, gwamnati ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin mai shari'a Silvia Cartwright, wadda ta miƙa rahotonta a 1988.

A shekarar 2008 masana suka fitar da sakamakon bin diddigin waɗannan mata. Daga cikin waɗanda ba a yi wa cikakken magani ba, kimanin kashi 31 cikin 100 sun kamu da sankara cikin shekara 30. Daga cikin waɗanda aka yi wa magani yadda ya kamata kuwa, ba a sami ko kashi 1 cikin 100 ba. Watau kusan mace ɗaya cikin uku a wancan ɓangare, ƙasa da ɗaya cikin ɗari a wannan. Abin da likita ɗaya ya yi wa matan Okland da gangan, shi ne akwati ke yi wa matar Gadaka a cikin rashin sani.

YADDA A KE MAGANI

Da farko ya kamata a san cewa babu ƙwaya ko allura a kemis, babu kuma saiwa ko sassaƙe a kasuwa, da aka tabbatar yana goge wannan tabo. Maganin ciwon sanyi ba ya taɓa shi. Hanyar ita ce a kashe fatar da ta lalace, ko a fere ta, sabuwa ta tsiro a madadinta.

Hanya ta farko ita ce ta zafi. Akwai wata 'yar na'ura da a ke riƙewa a hannu, mai aiki da batir, mai kai kamar maɓallin riga. A kan ɗumama kan zuwa ma'aunin zafi 100, watau zafin tafasasshen ruwa, a ɗora a kan tabon na daƙiƙa 20 zuwa 30, in wurin yana da faɗi a matsa a sake ɗorawa. Wani likita Bajamushe, Kurt Semm, ya ƙirƙiro dabarar tun 1966, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita, ta kuma ce ungozoma ko nas da aka horar tana iya yi. Galibi ba a bukatar allurar kashe zafi. Abin da mace ta kan ji bai wuce murɗawar mara irin ta al'ada ba.

Hanya ta biyu ita ce ta sanyi, inda a ke daskarar da tabon da iskar gas: minti 3 ana daskararwa, minti 5 a bar shi ya narke, sa'an nan a sake minti 3. Tana aiki sosai, sai dai tukunyar gas ɗin nauyi gare ta, kuma in ta ƙare a ƙauye aiki ya tsaya.

Waɗannan hanyoyi biyu suna da sharaɗi. Wajibi ne a ga iyakar tabon duka da ido, kada ya shige cikin ƙofar mahaifa, kada ya rufe fiye da kashi uku cikin huɗu na wurin, kuma kada a yi zaton ya riga ya zama sankara. In sharaɗin bai cika ba sai hanya ta uku, wadda aikin likita ce. A kan yi allurar kashe zafi a wurin, a sa wani siririn zoben waya mai wutar lantarki a fere fatar da ta lalace, a kai ta ɗakin gwaji domin a tabbatar da abin da ke ciki. Aikin bai cika wuce rabin sa'a ba, mace kuma ta koma gida ran nan. Akwai kuma 'yan kaɗan da sai an shiga da su ɗakin tiyata an yanko wurin da wuƙa. Don irin waɗannan ne a ke tura mata inda likitocin mata su ke, kamar Potiskum, da asibitocin koyarwa na Damaturu da Gombe da Maiduguri.

Kimanin mata 9 cikin 10 su kan rabu da tabon da magani sau ɗaya. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, in an yanke shawarar yin magani a yi shi da wuri, kada a wuce wata 6. Mai juna biyu kuwa a kan jinkirta mata har ta haihu ta yi arba'in, muddin ba a zaton sankara, amma wajibi ne ta koma.

BAYAN AN DAWO GIDA

A nan ne rabon maigida ya fi girma. Bakin mahaifa ya zama ɗanyen rauni, kuma zai ɗauki kimanin wata guda kafin ya warke. A cikin wannan lokaci mace za ta riƙa ganin ruwa-ruwa yana fita, wani lokaci da ɗan jini kaɗan. Wannan alamar warkewa ce. Abin da likitoci ke nema shi ne a ƙaurace wa shimfiɗa har mako 4, kuma kada a cusa kome, ko matsi ko tsumma ko wani haɗin gargajiya. Magidancin da ya haƙura kwana 40 bayan haihuwa ba zai kasa haƙurin kwana 28 ba, in dai an yi masa bayani. Shi ya sa ya fi kyau ma'aikatan lafiya su gaya masa da bakinsu, maimakon su bar wa matar nauyin faɗa.

Akwai alamu huɗu da in an ga ɗaya daga cikinsu ba a kwana: zazzaɓi, ruwa mai wari, jinin da ya fi na al'ada yawa, da ciwon mara mai tsanani. Daɗin daɗawa, wajibi ne a koma a sake gwaji bayan wata 12, ko da mace tana jin garau, domin ɗaya cikin goman nan da tabon bai mutu duka ba ta wannan hanya kaɗai a ke gano ta.

TSORO DA ZARGI

Abu uku su ke hana mata fito da takarda. Na farko tsoron a cire mahaifa. Gaskiyar magana ita ce ba a cire mahaifa domin wannan tabo, sai a wasu lokuta ƙalilan da likita ya ga babu wata hanya. Wadda ta fi kusa da rasa mahaifarta ita ce wadda ta jira har abin ya zama sankara.

Na biyu tsoron rasa haihuwa. Maganin zafi da na sanyi fatar sama kawai su ke taɓawa, mata kuma suna ɗaukar ciki su haihu lafiya bayansu. Fere wurin da zoben waya, musamman in an yi zurfi ko an maimaita, ya kan ɗan ƙara yiwuwar haihuwar bakwaini, saboda haka ya kamata mace ta faɗa wa ma'aikatan awo in ta sami ciki.

Na uku, wanda ya fi sauran muni, shi ne zargi. Da zarar an ce ta hanyar saduwa a ke ɗaukar ƙwayar, sai wani ya fara kallon matarsa da wani ido, wata kuma ta ɓoye takarda don gudun saki ko gorin kishiya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ƙwayar nan tana iya kwanciya a jiki shekara da shekaru ba ta motsa ba. Namiji ya kan ɗauke ta ba tare da wata alama ba, yana iya kawo ta daga auren da ya yi a baya, ita ma tana iya zuwa da ita daga gidan mijinta na fari. Babu likitan da zai iya cewa ga ranar da ta shiga ko ga wanda ya kawo ta. Takardar gwaji ba shaida ba ce a kan mutuncin kowa. Abin da hankali zai bayar a gidan da ke da mace fiye da ɗaya shi ne, in an samu ga uwargida, a kai amarya ita ma a duba ta.

INDA GIZO KE SAƘA

Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2020 mata kimanin 12,000 suka kamu da sankarar bakin mahaifa a Nijeriya, kimanin 8,000 kuma suka rasu. A duniya baki ɗaya, a 2022, kimanin 660,000 suka kamu, 350,000 suka rasu, akasarinsu a ƙasashe matalauta. Yawan mace-macen nan ya samo asali ne daga zuwa asibiti a makare, lokacin da jini ya fara zuba bayan saduwa ko bayan ɗaukewar al'ada, wari ya hana zama cikin mutane, wani lokaci har da yoyon fitsari. A wannan mataki sai babbar tiyata ko gashi, cibiyoyin gashi kuwa 'yan ƙalilan ne, irin su na Zariya da Sakkwato da Abuja. Mutumin da ya ga kuɗin mota zuwa Potiskum sun yi masa yawa, shi ne zai sayar da shanun noma ya yi watanni yana kwana a barandar asibiti a garin da bai san kowa ba.

Ran 17 ga Nuwamba 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da wannan ciwo, da buri uku kafin 2030: a yi wa kashi 90 cikin 100 na 'yan mata allurar rigakafi kafin su kai shekara 15, a gwada kashi 70 na mata a shekara 35 da kuma 45, a kuma yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da tabo ko sankara magani. Nijeriya ta fara allurar ran 24 ga Oktoba 2023 ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, a ƙarƙashin Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate, Jihar Yobe kuma ta shiga a zagaye na biyu a watan Mayu 2024. Wannan abin yabo ne, amma allurar ta 'ya'ya ce. Ba ta goge tabon da ya riga ya fito a jikin uwa.

Buri na uku shi ne wanda a ke yawan mantawa. Taron gwaji yana da daɗin ɗaukar hoto: a kafa rumfa, manya su yi jawabi, a ƙirga mata ɗari nawa aka duba, motoci su tashi da la'asar. Amma gwajin da ba magani a bayansa tayar da hankali ne kawai, da muguwar rawa kuwa gara ƙin tashi. Ƙasar Indiya ta nuna yadda a ke yi. A gundumar Dindigul ta Jihar Tamil Nadu an bi mata kimanin 80,000 na karkara, inda nas-nas suka yi gwajin ruwan khal, suka kuma yi maganin sanyi ga waɗanda suka cancanta. Sakamakon da aka fitar a 2007 ya nuna mace-mace daga wannan ciwo sun ragu da kashi 35 cikin 100 a ƙauyukan da aka yi aikin. Ba manyan injuna suka yi wannan ba, haɗa gwaji da magani ne.

Saboda haka akwai abubuwan da ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Yobe da ƙananan hukumominta 17 su duba. Na ɗaya, kada a ba kowace ƙungiya izinin kafa rumfar gwaji sai ta zo da na'urar magani, ko ta nuna a rubuce inda za a kai matan da wanda zai biya kuɗin mota. Na biyu, jihar tana da mazaɓu 178. Ko ba a kai ga kowace ba, a fara da sanya na'urar zafi a manyan asibitoci da cibiyoyin lafiya na garuruwa irin su Gadaka, tun da batirinta hasken rana ma yana cika shi. Na uku, a sa wannan aiki cikin karatun ɗaliban Kwalejin Nas da Ungozoma ta Shehu Sule da ke Damaturu, domin mace ta fi sakin jiki da 'yar'uwarta mace. Na huɗu, kowace cibiya ta buɗe littafi mai sunan duk wadda aka ba takarda, da unguwarta da lambar wayar gidansu, in wata guda ya wuce ba a gan ta ba a bi sawu cikin sirri. Sarakuna da limamai kuwa, waɗanda da bakinsu aka ci nasarar yaƙi da shan inna, su ne za su iya gaya wa magidanta cewa kai mace asibiti tun ba ta kwanta ba yana cikin haƙƙin da aure ya ɗora musu.

A koma ga baiwar Allah ta Gadaka. In takardarta ta shekara a akwati, ba a makara ba tukuna, domin ciwon mai tafiyar hawainiya ne, sai dai kowace damina da ta wuce tana rage ratar. Abin da ya rage shi ne wani a gidan, ko ɗanta ɗan makaranta ko ƙanwar maigida, ya ɗauko takardar ya karanta, maigida kuma ya ce, "Shirya, gobe da sassafe za mu tafi." Kuɗin bai kai na buhun gero nawa ba, in aka gwada da abin da jinkiri zai ci. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Duk magidancin da ya karanta wannan fili, ya tambayi iyalinsa yau ko akwai wata takarda da aka ajiye. Allah ya ƙara wa kowa lafiya. Sai mako mai zuwa.